Asalin Hamon Mai Baibaya

A duk ƙauyen Wendilbi babu wanda bai san labarin maharbin arewa ba. Ba wai labarin yana da wani daɗi ba ne, Hamon mai baibaya ne kawai ba ya barin kowa ya manta. Ka ɗauke shi ya gyara maka jinka, kafin ya ɗaure dami uku na karan alkama za ka ji shi daga can sama yana zubo maka yadda kakan ubansa ya sauko daga arewa da baka a kafaɗa, ɗa ne cikakke, bai taɓa durƙusa wa kowa ba sai Allah da sarki, ya auri 'yar garin nan, babbar annoba ta ɗauke shi kafin ya ga ɗansa. Sunan maharbin kuwa Hamon bai sani ba, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba.

Ana nan, bayan girbi, sai ubangidan ƙasar ya aiko sabon wakili mai suna Bartilmi. Tun annoba hannun aiki ya yi wa gandu ƙaranci, shekara saba'in da wani abu ke nan, bayin gandu wasu sun mutu wasu sun sulale birni. Bartilmi kuwa irin mutanen nan ne da ba su iya ganin akwati a rufe. Ya sa aka fito da tsofaffin fatun tumaki da ake rubuta shari'ar gandu a kai, ya zauna yana bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai mayar cikin gandu.

Ranar Alhamis da hantsi ya tsaya a gindin tsanin Hamon.

"Kai ne Hamon ɗan Gilbat ɗan Tibal?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. In jinkar rumbu ce, a yi haƙuri sai sati mai zuwa."

"Tibal ɗan wa?"

Hamon ya gyara zama a kan jinka, don an taɓo masa inda yake so. Ya fara, "Ai shi wannan, wani maharbi ne daga—"

"Ɗan Osban ne," in ji Bartilmi. "Mutum biyu sun gaya mini kakanninsu sun ce Tibal kamar an tsaga kara da Osban. Osban kuwa bawan gandu ne, yana nan a rubuce. Ɗa uba yake bi. Laraba kotun gandu za ta zauna. Ka zo da asalinka, ko ka zo da laujenka."

Ya juya ya tafi abinsa. Hamon ya daɗe riƙe da damin kara bai san yana riƙe da shi ba.

Matarsa Amis tana tuƙa faten wake da kabeji ya ba ta labari. Ta tsame muciya ta dube shi.

"Ka san me yake nufi kuwa? Kwana uku a sati kana gonar gandu, jinkar mutane ta zuba. Ba ka taka iyakar garin nan sai da izini. 'Yarmu Ismai da muke shirin aurarwa, sai an je an roƙa. Kuma ba kai kaɗai ba ne, Hamon. Duk abin da na haifa maka, da abin da za su haifa."

"Ba za a yi haka ba. Mu jinin maharbi ne."

"To ina bakan?"

"Amis!"

"Ina tambaya ne. Shekara ashirin ina share gidan nan ban ga ko tsinken kibiya ba. Je ka nemo mutumin nan naka, ko sunansa ne ka zo mana da shi."

Washegari ya nufi coci wurin Fada Jabis, limamin garin. Akwai wata doguwar fata da ake karantawa kowace Lahadi, mai sunayen mamatan gari da ake yi wa addu'a. Hamon ya ji ta ya fi sau dubu, amma yadda ake jin ruwan sama a kan jinka, ana ji ba a saurara. Fada Jabis ya ɗauko ta ya shimfiɗa a kan benci, ta zubo har ƙasa, ya fara bi da yatsa daga sababbin mamata zuwa baya.

"Gilbat mai baibaya, ubanka. Allah ya ji ƙansa. Ga Tibal mai baibaya. Ga Wimak, uwar Tibal."

"Sai kuma wa?"

"Shi ke nan."

"A'a, Fada, duba dai. Mijinta fa?"

"Kowace mace a nan an ce matar wane. Ita uwar Tibal kawai aka ce."

Suka ci gaba da ja da baya har suka iso shekarar annoba. Nan Hamon ya ga abin da ko wanda bai iya karatu ba zai gani. Rubutun da yake tafe a jere, layi-layi, sai ya cunkushe, sunaye suna hawa kan juna har gefen fata. Fada Jabis ya rage murya. Ya nuna wani wuri ya ce nan hannu ya canza, liman ya mutu wani ya ɗauki alƙalami. Ya sake nunawa ƙasa kaɗan, nan ma ya canza. Limamai uku a damina ɗaya. Na ukun ko sunaye bai samu cikawa ba, sai dai ya ce mutanen gidan wane, su bakwai. Hamon ya tsaya yana kallo. Ashe garin da yake hange daga kan jinka yana ganin ya san shi kaf, akwai wani garin a ƙarƙashinsa da ya fi shi yawa. Ya ji tsoro, ya kuma ji wani irin girma da bai san sunansa ba.

"Akwai baƙo daga arewa a ciki?" ya tambaya a hankali.

"Babu. Akwai dai Osban na gandu, shi kaɗai, ba mata ba ɗa." Fada ya fara naɗe fatar. "Fata ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Je ka wurin Idoni. Ita ta gani da idonta."

Idoni ta haura shekara tamanin, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga annoba. Ya same ta a ƙofar gidan jikarta, ta ba rana baya, tana tsefe gashin tunkiya. Haƙori ko ɗaya babu a bakinta, amma kunne da harshe suna nan daram.

"Wa nake ji? Mai wa'azin kan jinka? Yau ka sauko ƙasa?"

"Na sauko, Kaka. Tambaya ta kawo ni. Maharbin nan namu, yaya sunansa?"

Tsohuwa ta kwashe da dariya har da tari, sai da ya bubbuga mata baya. Ta share ido da gefen mayafi.

"Maharbi! Kakanka Tibal ne ya ƙera shi, yana ɗan shekara goma, da yara suka ishe shi da gori. Ya ce ai ubansa maharbi ne daga arewa. Aka yi ta dariya, aka yi ta dariya, har masu dariyar suka mutu, maharbi ya rage."

Hamon ya nemi kututture ya zauna. "To ɗan Osban ne ke nan. Mun shiga uku."

"Wa ya ce maka? Matso nan. Abin da zan gaya maka shekara saba'in da biyar yana cikina, kuma in ka faɗa wa wani, ni ban ce ba."

Ta ajiye gashin tunkiyar. Muryarta ta canza, wasan ya fita.

"Ina 'yar shekara takwas, ina kiwon agwagi a bayan rumbun gandu. Na gan su. Osban ya riƙe hannunta na dama ya ce, na ɗauke ki matata. Wimak ta ce, na ɗauke ka mijina. Ka sani ai, wannan aure ne a gaban Allah da coci, ko babu liman a wurin. Suna jiran girbi su yi shagali. Sai ciwon ya shigo. Osban kwana uku ya yi ya rasu. Gari mai mutum ɗari uku, aka bar mu ba mu cika ɗari ba, alkama tana zuba a gona ba mai yanka. Da sanyi ya kama, cikin Wimak ya fito."

"Sai ta ce na mijinta ne."

"Abin da kowa ya so ta ce ke nan! Wakilin lokacin har gida ya bi ta yana lallashi. Hannu suke nema, ko na jariri ne. Ya ce, ki ce Osban, ga gidansa ga gonarsa, ki zauna da mutuncinki, matar mamaci kamar kowa. Kalma ɗaya, ɗan nan. Kuma gaskiya ce kalmar. Ta ƙi."

"Don me?"

"Da can ta yi aikatau a masaukin kan hanya, inda malaman shari'a suke kwana in za su birni. Tana zuba musu giya tana sauraro. Nan ta ji doka: ɗa uba yake bi, bawa ya haifi bawa. Amma ɗan da ba shi da uba ba na kowa ba ne, wanda ba na kowa ba kuwa babu mai mallakarsa. Ta riƙe wannan a ranta. Rannan ta kama kunnena ta murɗa, har yau ina jin zafin, ta ce, Idoni, ba ki ga komai a bayan rumbu ba."

Tsohuwa ta ci gaba, idonta a kan cocin da ake hangowa ta bayan shinge.

"Da ta haihu aka yanke mata hukuncin mazinata. Lahadi uku a jere, ba takalmi, daga ita sai farar shimi, kyandir a hannu, ta zagaya coci ana bin ta da bulala. Ƙanƙara ce a ƙasa. Ina tsaye bayan uwata ina kallon sawunta, ranar ta uku akwai jini a ciki. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma sunkuyar da kai ba, wannan ne ma ya fi ba mutane haushi. Shekara arba'in da ɗaya ta yi bayan nan a bukkar bakin fadama, ba wanda ya aure ta, ba macen da ke tsayawa kusa da ita a coci. Ni da na san matar aure ce ta sunna, ina ji ana kiranta da wancan sunan, ina haɗiye miyau."

"Tibal ya sani?"

"Ko da wasa. Da ya sani da ya tashi wanke uwarsa, ya sa wa kansa igiya. Ya mutu yana jin kunyarta."

Hawaye suka zubo wa Hamon, bai damu ya share ba. Shekara da shekaru yana yabon wani mutum da ba a taɓa haifa ba, ita kuwa ko sunanta bai taɓa kamawa ba in ana karantawa. Kunya ta kama shi, amma mamaki ya fi kunyar ƙarfi. Yarinya ce fa, ba ta fi Ismai ɗinsa ba, ita kaɗai, gari ya zama maƙabarta, ta zauna ta yi tunanin mutanen da ba za ta taɓa gani ba.

"Kaka, ki zo kotu ranar Laraba ki ba da shaida."

"Kai wawa ne ashe? In na ɗora hannu a kan littafi mai tsarki gaskiya zan faɗa, ƙafata ɗaya tana kabari. In kuwa na faɗi gaskiya ka zama bawa. Kada ka kuskura ka kira ni. Ka ce su buɗe fatarsu ta shekarar bayan annoba. An kira ta gaban kotun gandu, na ga shigarta. Abin da aka yi a ciki ban sani ba, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ko ɓeraye sun bar shi. Amma kafin a buɗe, sai ka fara faɗin abin da kake da'awa da bakinka."

Kwana huɗu Hamon ya yi yana aiki a kan jinka ba a jin muryarsa. Abin da ke cin sa shi ne, yanzu da ya san ita wace ce, yanzu ne kuma zai tsaya gaban gari ya sake ɗora mata sunan da ba nata ba. Ya gaya wa Amis komai, duk da gargaɗin tsohuwa, don shi ba ya iya ɓoye mata ko ciwon haƙori. Ya ce yana jin kamar shi ne zai riƙe bulalar.

Amis ta ce, "Ba ta zagaya coci don ka wanke ta ba, Hamon. Ta zagaya ne don ka yi amfani da abin. In ka wanke ta, ka zubar mata da shi."

Ranar Laraba kotu ta zauna a babban zauren gandu. Bartilmi a kan kujera, magatakarda a gefensa da akwatin fatu, dattawa goma sha biyu masu yanke magana a kan benci, sauran gari a tsaye har ƙofa. Kowa ya zo, don an san yau za a ji ƙarshen maharbi.

"Hamon ɗan Gilbat ɗan Tibal. Ka zo da asalinka?"

"Na zo, ranka ya daɗe. Babu wani maharbi."

Zaure ya kece da dariya. Wani daga baya ya ce, "Allah sarki, ya koma arewa!" Hamon ya jira ta lafa.

"Amma Tibal ba ɗan Osban ba ne a gaban doka. Tibal ba shi da uba."

Bartilmi ya ɗaga gira. Ya gane inda aka dosa, ai dokar ba baƙuwarsa ba ce. Ya jingina da kujera ya ce, "Faɗi abin da sunansa, kowa ya ji. Mene ne kakanka?"

Hamon ya dubi Ismai a tsaye kusa da uwarta, ya dubi dangin saurayinta a ɗaya gefen.

"Shege ne. Kakana shege ne, uwarsa Wimak ta haife shi ba aure. Ina roƙon a buɗe fatar shekarar bayan annoba."

Wannan karon ba a yi dariya sosai ba. Bartilmi ya ce fatun waɗannan shekarun rabinsu sun ruɓe, kuma in ba a samu komai ba, to Hamon ya zubar da mutuncin gidansa a banza, gobe ya zo da lauje. Babban dattawan ya ce duk da haka a duba. Magatakarda ya tsugunna gaban akwati yana fito da fatu, yana hura ƙura, yana mayarwa. Ana jin numfashin mutane. Can ƙasa ya zaro wata 'yar gajera, baƙa, gefenta a cinye. Ya warware ta kusa da taga, ya bi da yatsa, ya tsaya.

Ya karanta da Latin tukun, sannan ya mayar da harshen mutane.

"Wimak 'yar Hawis ta haifi ɗa namiji ba ta da miji. An tambaye ta sau uku wane ne uban. Sau uku ta ce ba shi da uba. An hukunta ta."

"Ya isa," in ji Bartilmi.

"Akwai saura, ranka ya daɗe."

"A karanta duka," in ji babban dattawa.

Magatakarda ya kai fatar kusa da idonsa. "Wannan ƙaramin rubutu ne a gefe, magatakardan lokacin ya ƙara. Ya ce: An sallame ta ta ƙi fita, sai ta ga an rubuta da idonta. Ta ce a rubuta da kyau, domin jikokin yaron za su zo su tambaya. Kuma ta sa yatsa a kan tawada kafin ta bushe, ta ɓata mini layi."

Wata tsohuwa kusa da ƙofa ta yi alamar gicciye. Dattawan ko taron gefe ba su yi ba, babbansu ya miƙe ya ce Tibal ɗa ne ba bawa ba, Gilbat ɗa ne, Hamon da zuriyarsa 'ya'ya ne, a rubuta. Bartilmi ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce a kira na gaba.

Amma Hamon bai matsa ba. Ya tako zuwa taga ya ce wa magatakarda, "Malam, don Allah nuna mini wurin."

Magatakarda ya nuna. A ƙarshen layin, inda baƙaƙen suka ɗan jirkice, ga wani ɗan tabo mai launin ƙasa, bai fi ƙwayar wake ba, har ana ganin siraran zanen fatar yatsa a ciki. Hamon ya goge hannunsa a riga sau biyu. Ya ɗora ƙaton yatsansa mai kanta a kan tabon, a hankali, ya rufe shi duka.

"Ga ni, Kaka," ya ce. "Na zo."